Neman kalmar Hausa: mutumin da ke yanke wa zai ci, wa zai faɗi a resilin

Mai shirin wasanni: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shiri ranar Asabar da safe, kuma gobe kafin la'asar zan miƙa rubutu. Masu sauraro sun matsa a ba su tarihin yadda ragamar WWE, babban kamfanin resilin na Amurka, ta bar hannun Vince McMahon. Kalma biyu suka tsaya mini a wuya. Ta farko booker, mutumin da ke zama ya tsara wa zai yi nasara, wa zai sha kaye, wa zai riƙe kambu, wa zai ci amanar abokinsa. Ta biyu creative control, wato iko a kan yadda labarin wasa zai tafi. Ga jimlar da nake son faɗa: a Yunin 2022 Vince ya ja gefe daga kujerar shugaban kamfani saboda bincike, 'yarsa Stephanie ta yi riƙon ƙwarya, amma bai saki "abin nan" ba sai 22 ga Yuli da ya yi ritaya, bayan kwana uku aka damƙa wa surukinsa Triple H. To abin nan ne ba ni da sunansa.

Ɗan kallo: Buka kawai, kamar yadda muka ce resilin.

Hajiya mai fassara: Ƙanena, ka ce a rediyo Triple H ya gaji buka, rabin gari za su ɗauka gidan abinci surukinsa ya bar masa. Ni dai na ce mai tsara wasa.

Mai rubutun fim: Mai tsara wasa ya yi kama da wanda ke rubuta jadawali, wane da wane ƙarfe kaza. A harkarmu akwai marubuci, akwai darakta ko mai ba da umarni, akwai furodusa. Matsalar ita ce wannan mutumin ya haɗa su duka. WWE tana da marubuta da yawa a ɗaki, amma a zamanin Vince duk abin da suka rubuta sai ya bi ta gabansa, kuma ya yi suna wajen yaga rubutu ana dab da fara shiri. Sannan ya je ya zauna bayan labulen da 'yan wasa ke fitowa, da abin magana a kai, yana raɗa wa masu sharhi abin da za su ce a kunne. Darakta ta fi kusa, amma ba ta cika ba.

Malam mai nahawu: Wa alaikumus salam. Ina mamakin yadda kullum muke tsallake abin da ke gabanmu. Masaƙi. Ba ya buƙatar ƙari. Mutum ne da yake ɗaukar zare daban-daban, gabar wannan da abotar wancan, ya saƙa su wata da watanni har su haɗu a WrestleMania, babban wasan shekara na WWE. Sigar ma- da -i tana nan a harshe: marubuci, maɗinki, maƙeri. Jam'i masaƙa, mace masaƙiya. Aikin kuwa saƙa. Sai ka ce Vince ya ajiye shugabanci amma bai ajiye saƙa ba.

Ɗan kallo: Malam, masaƙa kuma ai wurin saƙa ne.

Malam mai nahawu: Karin sauti ya raba su, ɗana. Wanda zai yi magana a rediyo ya kamata ya san wannan.

Hajiya mai fassara: Ranka ya daɗe, kalmar tana da daɗi, amma direban da ke sauraro a mota ba zai tsaya nazari ba. In ya ji bai ajiye saƙa ba, zanen saƙi zai gani. Kuma saƙa da mugun zare ce za ta fara zuwa ran wasu.

Malam mai nahawu: To ai Vince ɗin ma ba a rasa shi da mugun zaren ba.

Mai rubutun fim: Maƙulli fa, daga ƙulla labari?

Hajiya mai fassara: A waya ba wanda ke sa lanƙwasa. Gobe za ka ga an rubuta makulli, a ce Triple H ya zama ɗan mabuɗi.

Na Maraɗi: Ni tambayata daban. Me ya sa tun farko za a wahalar da Hausa a kan wannan abu? Kada dai wani ya kira shi kokawa a shirin. Kokawa ita ce wadda ake yi don takobi, tun 1975 da aka fara gasar ƙasa ta Nijar a Tawa. Da Issaka Issaka ya ɗauki takobi sau da yawa ba wani ne ya zauna bayan labule ya rubuta masa ba. Wancan wasan kwaikwayo ne, ku ce mai shirya wasan kwaikwayo ku huta.

Ɗan kallo: Yaya, su ma ba su ɓoye ba. Tun 1989 kamfanin ya shaida wa hukumomin jihar New Jersey cewa nishaɗi ne da aka tsara sakamakonsa, don ya fita daga dokokin hukumar wasanni. Amma ƙashin da ke karyewa na gaske ne. Triple H kansa ya yage naman cinyarsa ana tsakiyar wasa a 2001 kuma ya ƙarasa wasan.

Na Maraɗi: Allah ya ƙara masa lafiya. Ba kokawa ba ce dai.

Malam mai nahawu: A nan ina tare da mutumin Maraɗi, sai dai ita "resilin" ɗin ma ba ta kwanta mini ba. Kokawar kwaikwayo ya kamata a ce. Abin da ke damuna shi ne gidajen rediyon yanzu sun mai da aro hanyar gudun aiki. A da, kafin kalma ta fita iska sai an zauna a kanta. Yau yaro ya ji abu a intanet da dare, da safe ya karanta shi a labarai.

Na Maraɗi: Ku da kuke cewa Hausar Kano ce daidaitacciya, ga abin da ta koma. Rabi Turanci.

Mai rubutun fim: Ku kuma rabi Faransanci. Kwanan nan wani ya ce mini zai je lakwal ya wuce lopital.

Na Maraɗi: Asibitin naku daga ina ya fito, daga Daura?

Mai shirin wasanni: Don girman Allah iyayena, la'asar ɗin gobe na nan tafe. A bar Kano da Maraɗi su sha iska.

Hajiya mai fassara: Bari in dawo da mu. Ina ganin abin da ya sa muka kasa shi ne kalmar ta biyu abu biyu take ɗauke da shi, mu kuma muna neman suna ɗaya. Akwai ikon wanda ke tsara wa kowa labari, irin na Vince da, da na Triple H yanzu, da na Tony Khan a AEW, kishiyar WWE, tun kafa ta a 2019, inda shi ne mai kamfani kuma shi ne mai tsarawa. Akwai kuma sharaɗin da babban ɗan wasa ke sa wa a kwantiraginsa cewa ba za a yi da shi yadda bai yarda ba. Na biyun ba ya rubuta wa kowa komai, ƙi kawai yake iya yi. Kuma muna da shi tuntuni a labaran Majalisar Ɗinkin Duniya: hawa kujerar na ƙi.

Ɗan kallo: Wallahi Hajiya kin buga. Hulk Hogan ke nan a WCW, kamfanin da ya yi gogayya da na Vince a da. A Yulin 2000 rigimarsa da Vince Russo, mai tsara labarin WCW (ba McMahon ba), a kan wannan sharaɗi ta kai Jeff Jarrett ya kwanta a fili da gangan, Hogan ya ɗora masa ƙafa a ƙirji aka ƙirga uku, daga ranar bai sake yi wa WCW wasa ba. Sai Bret Hart. Kwantiraginsa da kamfanin Vince McMahon ta ba shi ta cewa daidai gwargwado a kwana 30 na ƙarshe in zai bar kamfanin. Zai koma WCW yana riƙe da kambu, ya ce ba zai faɗi wa Shawn Michaels a Kanada ba. Ranar 9 ga Nuwamba 1997 a Montreal, Shawn ya murɗe shi da irin kamun Bret ɗin kansa, Vince na tsaye a gefen fili ya sa aka buga ƙararrawa alhali Bret bai sallama ba. Bret ya miƙe, ya leƙo ta kan igiya ya tofa masa yawu a fuska.

Hajiya mai fassara: Ka ga ni. Ɗaya na kan kujerar na ƙi, ɗaya na riƙe da wuƙa da nama. In ka ba su suna ɗaya a Hausa, labarin Montreal ba zai faɗu ba.

Mai shirin wasanni: Kujerar na ƙi ta zauna, na rubuta. Wuƙa da nama fa, ba ta yi faɗi ba? Yanzu ai wuƙa da naman kamfani ba a hannun Triple H suke ba. Tun Satumbar 2023 WWE da kamfanin faɗa na UFC suna ƙarƙashin uwar kamfani TKO, kamfanin Endeavor ne ke da rinjayen hannun jari, Nick Khan ne shugaban WWE. Shi labari kawai aka bar masa.

Mai rubutun fim: To alƙalami. Su kansu 'yan harkar haka suke cewa, wane ne ke riƙe da littafi ko fensir. Vince ya sauka daga kujera amma bai ajiye alƙalami ba. Ranar 25 ga Yuli alƙalami ya koma hannun surukinsa. Da ya dawo a Janairun 2023, Stephanie ta yi murabus, masu kallo suka shiga zullumin ko zai karɓe alƙalamin. Sai Janairun 2024 ya yi murabus daga TKO bayan ƙarar da wata tsohuwar ma'aikaciya ta shigar, zargin da ya musanta. Karanta ka ji ko ka yi tuntuɓe.

Mai shirin wasanni: Ban yi ba. Har da numfashi ya rage.

Malam mai nahawu: Wannan salon magana ne, ba kalma ba. Ɗalibi ya tambaye ka sunan muƙamin, ka ce masa me, mai alƙalami? Kowane akawu mai alƙalami ne. Masaƙi tana ba ka mutum, ta ba ka aiki, ta ba ka jam'i. Sannan na ji ana shirin cewa Triple H ya gaji Vince. Suruki ba ya gado. Ga ɗa namiji, Shane, ga 'ya. Vince ne za a iya cewa ya gaji mahaifinsa, shi ma a 1982 saye ya yi da kuɗinsa.

Na Maraɗi: A nan Malam ya yi gaskiya. A ce ya canje shi.

Hajiya mai fassara: Kullum muna cewa gwamna ya gaji gwamna ba tare da sun haɗa kaka ba, ranka ya daɗe. Amma ba zan ja ba, "ya karɓa daga hannunsa" ta wadatar.

Mai shirin wasanni: Ga abin da zan shiga da shi. Mutumin: mai tsara labarin wasa a ambaton farko, daga nan mai tsarawa. Ikonsa: alƙalami. Sharaɗin ɗan wasa: kujerar na ƙi. Gado na cire. Resilin na bar ta, don ita masu sauraro ke rubuto mana. Malam, zan ce "wanda wasu ke kira masaƙin labari" sau ɗaya, in ga ko za a yi waya a kanta.

Malam mai nahawu: Wasu. To, na gode da aka mai da ni wasu. Mai tsara labarin wasa kalma huɗu ce, bayani ne ba suna ba, kuma in kun zo jam'i za ku neme ni. Ka dai ja wasalin ƙarshe yadda ya kamata in za ka faɗe ta.

Na Maraɗi: Ni dai in na ji kalmar kokawa a shirin nan zan kira.

Ɗan kallo: Saura heel da babyface, tunda an taru.

Mai shirin wasanni: Mugu da jarumi. Kada wanda ya taɓa mini su sai bayan Asabar.