Muhawarar 2025: a bar Berube, kocin Toronto Maple Leafs, ko a sallame shi?

Ɗan Jidda: Jama'a, ƙanena da ke Kanada ya jefa ni son Toronto Maple Leafs, ƙungiyar wasan hoki na kan ƙanƙara. Biyu da rabi na dare na tashi, shayi na huce, ƙungiyar Florida Panthers ta zuba mana 6-1 a gida, wasa na bakwai kuma na ƙarshe a karonmu da su, aka fitar da mu daga gasar 2025. Anya kocin nan zai kai mu?

Baba Makkawi: Yaro, yi haƙuri. Berube ya ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun gasar, da ƙungiyar St. Louis a 2019. Shekara ɗaya tak ya yi muku.

Ummu Madina: Keefe, kocin da ya gabace shi, ma an kore shi a 2024, me ya canja? Rabonku da kofi tun 1967. Matsalar 'yan wasa ce.

Ɗan Jidda: Baba, na ji, amma wasa na biyar ma 6-1 ne fa, a gida!