Yaya ake raba lambobi masu j, kuma me ya haɗa su da deribatib?

Ɗalibin injiniyan lantarki: Assalamu alaikum. Ina iya tarawa da ninka lambobi masu sassa biyu, wato masu ɗauke da j (lambar da in aka ninka ta da kanta ake samun −1), amma rabawa tana ba ni wuya, misali (3 + j4) ÷ (1 − j2). Haka kuma ban fahimci dalilin da ya sa deribatib (lissafin saurin canjawar abu) ke ɓacewa ba idan muka fara lissafin lantarki mai juyawa, wato mai sauya alkibla gaba da baya.

Malami: Wa alaikumus salam. Ka ninka sama da ƙasa da 1 + j2, wato lambar ƙasa bayan an sauya alamar j. Tun da j² = −1, ƙasa za ta zama 5, sama kuwa −5 + j10, saboda haka amsar ita ce −1 + j2. Ka ninka amsar da 1 − j2, dole 3 + j4 ta dawo.

Injiniya: Deribatib bai ɓace ba, ɗan'uwa, ya koma ninkawa ne. Deribatib na e^(jωt) shi ne jω·e^(jωt), inda ω ke nufin saurin juyawar lantarkin, t kuma lokaci. Don haka, idan ƙarfin lantarki v da kwararar lantarki i suna da siffar e^(jωt), dokar koyil (naɗaɗɗiyar waya mai ma'auni L), v = L·di/dt, inda di/dt shi ne deribatib na i, ta zama V = jωL·I. Wannan hanya ce injiniyan lantarki Charles Steinmetz ya gabatar a 1893, kuma a ganina duk ɗalibin da ya fitar da ita da hannunsa sau ɗaya ba zai sake buƙatar haddar jωL ba.

Ɗaliba: Ka tabbata kalkuletarka tana auna kusurwa da radiyan, ba digiri ba, domin deribatib na sin x yana zama cos x ne kawai a radiyan.