Za mu bi fadama da babura daga Birnin Kebbi zuwa Argungu: in canza taya ko in nemi wani mashin?

Ɗan Gwadangaji:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi da kansu. Mu tara ne, duk abokai, mun shirya idan hunturu ya kankama mu tashi daga Birnin Kebbi da asuba mu nufi Argungu da babura, amma ba ta kan kwalta ba. Muna so mu gangara fadama, mu bi hanyoyin manoma da burtali, mu ɓulla ta wajen Alwasa, mu yi azahar a Argungu, mu leƙa kogin Matan Fada da gidan tarihi na Kanta, mu juyo kafin magariba. Ni Boxer ƙarama gare ni, da tayoyin da ta zo da su, kuma da ita nake zuwa aiki. Wani ya yi mini tayin tsohuwar Yamaha AG, irin ta malaman gona, naira dubu 750, amma sai na sayar da Boxer ɗin kafin in iya saya. Shin in na sa mata taya mai manyan haƙora gaba da baya za ta iya rairayi? Kuma nawa tayar take yanzu?

Sarkin Gudu:
Wa alaikumus salam. Yaushe ne tafiyar? Ku sa sunana, na zama na goma.

Oga Bakanike:
Boxer ba ta da matsala, matsalar mai tuƙi ce. 'Yan ƙauye da ita suke ɗauko buhun shinkafa biyu daga cikin fadamar nan da kake magana. Ka canza ta baya kawai, dubu 22 nake sayarwa, ka rage iska kaɗan in kun shiga rairayi. Amma kada ka rage da yawa, bakin rim zai cije tib ɗin. Ka wanke soson iska kafin tafiya da bayan dawowa, ƙurar hunturu ita ke cinye ringin inji. AG kuwa, ina za ka samu kayanta a Birnin Kebbi? Sai ka yi aike Kano ko Sakkwato.

Ɗan Jega:
Dubu 22? Oga, wace shekara? Ni satin da ya wuce na sayi ta baya dubu 31, kuma sai da na yi ciniki.

Oga Bakanike:
An ci kuɗinka ne.

Ɗan Jega:
Ko dai taka ce irin wadda wata biyu take zama sumul.

Bazamfare:
Ɗan'uwa, ka bar maganar taya tukuna. Ka ce ku tara ne. Babur tara a jere, cikin daji, da sassafe, kowa ya rufe fuska saboda ƙura. Ka tsaya ka yi tunanin matar da ke bakin rijiya, me za ta ce ta gani?

Ni abin ya faru da ni, a jiharmu, kafin a kai ga rufe layukan waya a watan Satumba na 2021. Mu shida muka fita, ba wani abu ba sai sha'awa irin taku, wani abokinmu ya ce ya san hanyar da ke ratsa tsakanin duwatsu ta faɗa wani gari da muke da dangi. Ƙanena yana kan Honda ɗin nan da mutane ke kira "Boko Haram", saboda ita 'yan bindiga suka fi hawa, ba ta da ƙara kuma tana jure daji. Ya naɗe fuska da rawani don ƙura. Muna ɓullowa bayan wani ƙauye sai muka ga mata sun watsar da guga da bokiti suna gudu, wata har ta bar takalmi. Wani yaro ƙarami yana tsaye shi kaɗai a bakin rijiyar yana kuka, babu wanda ya tsaya ɗaukarsa. Kafin mu gane me ake ciki sai muka ji lasifikar masallaci tana shela. Mun kashe mashina, mun ɗaga hannu, mun yi sallama da ƙarfi, babu mai saurare. Matasa suka fito da gora da adda da bindigar toka, aka kwantar da mu rubda ciki.

Ƙanena suka fi duka, saboda mashin ɗinsa da rawanin. Gora ɗaya ta same shi a gefen kai. Har yau kunnensa na hagu ba ya ji, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Yana da mata da 'ya'ya yanzu, kuma duk lokacin da ɗansa ya kira shi bai ji ba, ni ne nake jin abin a raina, domin ni na ce ya zo.

Allah ne ya kawo wani dattijo da ya san mahaifinmu a kasuwar hatsi, ya kwanta a kanmu ya ce sai dai a haɗa da shi. Ba na riƙe mutanen ƙauyen nan da komai, makon da ya gabaci zuwanmu sun binne mutanensu. Abin da ban yafe ba shi ne abin da ya biyo baya. Aka kwashe mashinan aka kai wani ofis, aka ce bincike. Muka yi watanni muna zarya, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce mu kawo takardar da muka riga muka bayar. Ranar da aka ba ni nawa, babu batir, babu kafireta, tankin ya yi tsatsa, tayoyin sun tsattsage da rana. Wanda ya miƙo mini makulli har yana cewa in gode wa Allah. Shi kuma abokin da ya ce ya san hanya, ko asibiti bai leƙo ba.

Maman Khalifa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya. Ɗan Gwadangaji, kai iyalinka sun san da wannan shiri?

Ɗan Gwadangaji:
Amin. Bazamfare, Allah ya kiyaye gaba, labarin ya taɓa ni. Amma hanyar da nake faɗi fadama ce a buɗe, ko'ina gonar shinkafa da masu ban ruwa, ba dajin duwatsu ba ne. Har yanzu ina jiran wanda ya taɓa hawa AG ya gaya mini ko ta cancanci kuɗin.

Sarkin Gudu:
Gaskiya Zamfara daban, Kebbi daban. Kullum in an kawo maganar fita sai wani ya zo ya tsorata mutane. Haka za mu zauna a ɗaki har mu tsufa?

Bakaben Gulma:
Yaro, kai hankali. Mera ina take? Ba cikin Augie take ba, maƙwabtan Argungu? Watan Nuwamba na 2024 'yan bindigar Lakurawa sunka kashe mutane can, kuma bisa babura suke yawo. Tun sannan duk ƙauyen da ke arewa da mu in sunka ji ƙarar mashin fiye da ukku tare, sai kowa ya miƙe. Ni nan nike kwana nike tashi, ba labari aka ba ni ba. Ban ce kada ku zo ba, amma ku aiko tun da wuri, a shaida ma hakimi da 'yan banga, a ba ku ɗan gari ya shige gaba. Kuma kowa ya buɗe fuska in kun kusa gari.

Baba Malamin Gona:
Assalamu alaikum. Ni AG na hau tsawon aikina na malamin gona, daga Bunza har Dakingari babu lungun da ban shiga da ita ba. Ɗana, ka fara tambayar mai ita: samfurin AG 100 ce ko AG 200? In 100 ce, mai hayaƙi ce, tana shan baƙin mai na musamman tare da fetur, ranar da ka manta shi inji ya tafi. Amfaninta shi ne sarƙarta a rufe take, rairayi ba ya samunta, cikinta ya yi nisa da ƙasa, giyarta ta ɗaya kuma tana hawa gangare ba tare da ka ƙona kuloci ba. Amma don tafiyar yini ɗaya mutum ba ya sayar da abin zuwa aikinsa.

Game da rairayi, ba taya ce ke kayar da mutum ba, tsoro ne. Da zarar gaba ta fara rawa sai ya saki mai ya damƙe birkin gaba, shi ke nan ya sha ƙasa. Ka sa giya ta biyu, ka ja jikinka baya, ka riƙe mai daidai, ka kalli nesa, ka bar kan mashin ya yi 'yar rawarsa. In za ku ratsa ruwa, mutum ɗaya ya sauka ya taka da ƙafa tukuna, lakar fadama samanta a bushe, ƙasanta ta kai gwiwa. In mashin ya mutu a cikin ruwa kada ka buga shi, ka fitar da shi, ka cire filogi, ka yi ta buga kik har ruwan ya fita. Ku tafi da famfo da kayan faci, ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su san taya mai tsada ba.

Sarkin Gudu:
Baba, da girmanka, yanzu an wuce nan. A YouTube duk Turawan da ke wannan wasa a tsaye suke tuƙi, kuma wasunsu tayarsu ba ta da tib.

Oga Bakanike:
To ka kira Baturen ya zo ya yi maka faci a Alwasa.

Baba Malamin Gona:
Tsayuwar gaskiya ce, mu ma muna yi. Amma matakin ƙafar Boxer roba ne, in ya jiƙe santsi yake, kuma kanta gajere ne, in ka miƙe sai ka duƙa. Ka gwada a fili kafin ka koya wa wani.

Bakatsine a Kebbi:
Ni dai na san dalilin tafiyar nan. Bakabe ba ya ratsa fadama don Allah, kifi ya ji an ce ya yi araha a Argungu. Ku ɗaura kwando a bayan kowane mashin.

Bakaben Gulma:
Kai da ko kogi ba ku da shi, mi ka sani ga kifi? Zo mu ba ka kai da ƙaya.

Ɗan Jega:
Wai dubu 750 ma aka ce AG ɗin? Wani maƙwabcinmu ya sayar da tasa dubu 400 bara.

Alhaji Dillali:
Wadda aka sayar dubu 400 gawa ce. Mai lafiya ba ka samunta ƙasa da miliyan ɗaya, in ma ka gan ta. Ɗan Gwadangaji, in ka tashi sayar da Boxer ka neme ni, kuɗi hannu.

Maman Khalifa:
Kun ga, har an fara rabon mashin ɗinsa. Ni tambayata babu wanda ya amsa. In mutum ya karye a tsakiyar fadama, wa zai ɗauko shi, da me? Ko hular kwano ban ji ɗayanku ya ambata ba.

Bazamfare:
Hajiya, hular kwano mai rufe fuska ita ma abin tsoro ce a ƙauye. Wanda bai kwanta a ƙasa gora tana sauka a kansa ba, ba zai gane abin da nake faɗi ba.

Sarkin Gudu:
To sai mu ce duk wanda ba a doka ba bai da bakin magana?

Manomin Rani:
Ku dakata, tun ɗazu nake karantawa ina jin haushi. Kowa yana maganar mashin ɗinsa da ƙafarsa, babu wanda ya tuna fadamar nan gonakin mutane ce. Lokacin da kuka zaɓa shi ne lokacin da muke dashe. Hanyoyin da kuke kira burtali, rabinsu kunyoyin da muka ɗaga da hannu ne don su riƙe ruwa, kuma tiyonmu a kansu yake kwance. Bara wasu samari suka bi ta gonata da gudu, taya mai haƙoran nan da ake yabo ta yanka mini tiyo wuri biyu, kunya ta fashe, ruwan da na kwana ina jawowa da inji ya tsiyaye gonar maƙwabci. Ko waiwaye ba su yi ba. Kun san nawa nake ƙona fetur kafin fage ɗaya ya sha?

Baba Malamin Gona:
Wannan magana taka gaskiya ce, Malam. Mu a da in mun iso tiyo sauka muke mu ɗaga mashin.

Manomin Rani:
Baba, ai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 noman rani ya zama na mai ƙarfi. Ga shi in ka ɗauki jarka za ka gona, a kowane shinge sai an tsayar da kai, wai ko 'yan daji kake kai wa. Lita goma ta injin ban ruwa. Wani lokaci sai ka bar wani abu kafin ka wuce.

Ɗan Kamba:
Ku kuna da sauƙi. Mu da ke bakin iyaka, tun 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga boda muka san wahala. Wurin 'yan bumburutu muka koma, lita har naira 1,400 na saya.

Ɗan Jega:
1,400 ina? Da na saya a Jega ko dubu bai kai ba a gidan mai.

Ɗan Kamba:
To ka ɗauko jarka biyu daga Jega ka kawo mini Kamba, in ka iso da su ni zan biya ka ninki.

Alhaji Dillali:
Ku koma sola ku huta. Akwai saiti a hannuna, faranti da famfo, dubu 600.

Manomin Rani:
Alhaji, wanda ya sa sola a gefenmu sai da ya ɗauki mai gadi, dare ɗaya aka kwance masa faranti huɗu. Kuma a hunturu, in hazo ya rufe rana, wa zai ba shinkafar ruwa?