Tiraka tana tsayawa a Mokwa alhali mota ta wuce Ilori

Assalamu alaikum. Ina karɓar lodin tumatir daga Kano a kasuwar Mile 12, nan Legas. Na sa na'urar tiraka, mai nuna inda mota take a taswirar waya, a tirelarmu don in san lokacin da zan tanadi 'yan dako da masu saye, don tumatir ba ya jiran kowa.

Daga Kano zuwa Kaduna taswirar waya tana tafiya daidai. Da mota ta kusa Mokwa sai ɗigon da ke nuna motar ya daskare, wani lokaci awa 9. Na kira direba, ya ce yana Ogbomosho. Sai sun shigo Ibadan tirakar take farfaɗowa, kuma ba ta nuna hanyar da aka bi a tsakani, sai dogon layi miƙe.

Na canza layin waya da ke cikin tirakar, na zuba data, na tura saƙon sake kunnawa. Mai gyaran waya ya duba haɗinta da batir, ya ce lafiya lau. Abin da na lura kawai shi ne 2G take amfani da shi.

Wace irin tiraka zan saya wadda ke ajiye bayanan tafiya idan babu sabis, ta turo su da zarar ya dawo?