Musayar Waƙa: Mai Gora da Tsani

Dattijon Zaure: Salamu alaikum. Yau kan masu kunna fitilun titi a biranen Turai za mu yi, amsa-amo "ra". Bismillah.

Almuru na yi, ga shi tafe da gora,
Tsani a kafaɗa, ba ya tsayawa hira,
Fitila bayan fitila haske ya jera,
Da asuba ya bi ya kashe, bai barin saura.

'Yar Malam:
Baba, bari in ɗora inda ka fara,
Birnin Faris, 1667 ce shekara,
Sarki Luwi na 14 ya yanke shawara,
Kyandir cikin gilashi, da igiya aka ɗaura,
Ɓarawon dare dole ya yi hattara.

Autan Mawaƙa:
Yaya, kyandir ai wasa ne, ki saurara,
Landan, 1807, titin Pall Mall aka fara,
Gas na kwal ta bututu ake tura,
Mai gora ya murɗa, harshen wuta ya zura.

Mai Gardama: Auta, baitinka na biyu ya yi tsawo, a rage masa riga. Ga nawa:

Ku daina yabon wahala, ku lura,
Ruwa da sanyi kansa suke sara,
1878 lantarki ya haska Faris, ya yi nasara,
Makunni ɗaya ya sa aka jingine gora.

'Yar Malam:
Malam, ba a jingine duka ba, dakata ka jira,
Landan na da fiye da dubu da suka tsira,
Ma'aikata kaɗan ke binsu da gyara,
Su wana agogon ciki, su goge ƙura.
Zagreb da Wrocław kuwa, da hannu ake hura,
Kullum magariba, ba fashi duk shekara.

Mai Gardama:
Wannan na 'yan hoto ne, ƙanwata, ba almara,
Baƙi su ɗaga waya, a yi tafi a ƙara.

Dattijon Zaure:
Ko na hoto ne, ni dai ya tuna min da wani kira,
Inna ce: "Kawo fitilar ƙwai kafin duhu ya tara!"
In goge gilashin da toka, lagwani in gyara,
Na taɓa fasa ɗaya, na sha tsumagiyar kara.

Auta, kai ke da bashin baiti. Muna jira.