Neman shawara: Ina son karatun gashi, Kawu ya ce sai likitanci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwarku ce daga Talata Mafara. Bana na gama sakandare, ina shirin cike JAMB, kuma fisiyo nake so, wato aikin gashi na asibiti. Kawu, wanda shi ke ɗauke da karatuna, ya ce ko likitanci ko aikin jinya, ba zai zuba kuɗinsa in fito mai tausa ba.

Ga abin da ya sa nake so. Shekara biyu ke nan Baba ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba, hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Da aka sallamo mu sai muka kwantar da shi a ɗaki, ana shafe-shafe, Inna na cewa a bar shi ya huta, har gyambo ya fito masa a ƙugu. Daga baya aka kai shi gashi Gusau. Matar da ta karɓe shi ita ta koya mini juya shi duk bayan awa 2, ta kuma hana mu ɗaga shi ta hannun da ya mutu, don kafaɗar na iya gocewa. Baba ya daina cin abinci a gaban mutane saboda kunyar ci da hagu. Ranar da ya kai loma bakinsa da hannun dama, bayan wata bakwai, shi da Inna duk sai da suka yi hawaye. Tun ranar zuciyata ta tsaya a nan.

To wannan dalili ya isa mutum ya ɗora rayuwarsa a kai, ko tausayin Baba ne ke jana? Kuma ta ina zan ɓullo wa Kawu?

Yayarki mai aikin gashi, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Dalilinki mai kyau ne, da yawanmu ta irin wannan ƙofar muka shigo. Amma zan faɗa miki gaskiya, Baba naki ne, shi ya sa wata bakwai bai gundure ki ba. A aiki za a kawo miki yaron da shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa tun yana jariri, ki shekara kina koya masa riƙe wuya, ranar da kika fara ganin haske uwar ta daina zuwa saboda kuɗin mota. Za a kawo wanda aka ɗaure wa karaya tamau a gida har gwiwar hannu ta sandare, yana zaginki kina miƙar da ita. Wani kuma ba zai taɓa tashi ba, aikinki ki koya masa zama da keke cikin mutunci. Idan kin ji za ki iya da waɗannan, bismillah.

Karatun kuma ba sauƙi ba ne. Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji za ki zana a JAMB, kamar mai neman likitanci. Shekara 5 ne, sabon tsarin da ake komawa kuma 6, za ki shiga ɗakin gawa ki koyi jijiya da tsoka ɗaya bayan ɗaya, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki, da lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa masu aikin gashi rajista, kafin bautar ƙasa. Jami'ar Bayero Kano tana koyar da shi, ta Maiduguri ma haka. Ki karanta wa Kawu wannan, ya ji ko haka ake zama mai tausa.

Malamin makaranta daga Argungu: 'Yata, kada ki ɗauki Kawunki maƙiyin burinki. Shi abin da yake hange, ma'aikaciyar jinya ko a ƙaramin asibitin ƙauye za ta samu gurbi, shi kuwa sashen gashi sai manyan asibitoci. Wannan magana ce ta mai hankali. Ki je masa da ladabi, kada ki yi gardama a gaban mutane.

Maman 'yan biyu, Gusau: Ni roƙonki zan yi. Bayan haihuwata ta biyu na yi fama da ciwon baya da ƙugu, aka tura ni gashi, na tarar namiji ne, na juyo gida na ci gaba da haƙuri. Mata nawa ne irina? Muna bukatar 'ya'yanmu mata a wannan sashe wallahi.

Ɗan uwanki daga Anka: Ki tuna gubar dalma ta 2010 a yankinmu da Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu, cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta bar wa lalura a ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ga masu shan inna, duk da an ayyana kawar da cutar ta asali a 2020, waɗanda ta riga ta shanye suna nan tare da mu. Malam ya ce gurbi ya yi kaɗan, gaskiya ne, amma masu bukata ba su yi kaɗan ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, maganar yaron nan ta tsaya mini a rai, ban taɓa tunanin wanda ba zai warke ba. Zan roƙi matar da ke duba Baba ta bar ni in riƙa zama a sashensu na sati biyu in gani da idona. Malam, na ji, ba zan yi musu da Kawu ba. Na yi magana da Inna, ta ce ranar Alhamis da za a mayar da Baba gashi za ta roƙi Kawu ya kai mu da motarsa, ya shiga ciki tare da mu.