Neman shawara: an ce ƙwayoyin jinina sun ƙanƙance

Wata 'yar uwa daga Gwale: Assalamu alaikum. Na daɗe ina fama da jiri da kasala, ko tsakar gida na share sai haki. Gwaji ya nuna PCV (ma'aunin yawan jini) 27, MCV (ma'aunin girman jajayen ƙwayoyin jini) 68, wai ƙwayoyin jinina sun ƙanƙance. Likita ya ce in yo gwajin feritin, surukata kuma ta ce in bar ɓarnar kuɗi, in dage da maltina da madara. Ya kuke gani?

Maman 'yan biyu: Allah ya ƙara sauƙi. Ki riƙa cin hanta da wake da zogale.

Ma'aikaciyar jinya, Tarauni: Wa alaikumus salam. Yi gwajin nan, 'yar uwa. In MCV ya gaza 80, abin da aka fi zargi shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, feritin kuma shi ke nuna abin da ya rage a ajiye a jiki. Amma akwai tambayar da ta fi wannan: ta ina jinin ke zurarewa? Al'adarki tana wuce kwana bakwai, ko tana zuwa da gudaji? Kin haihu kusa-kusa? Kina da olsa, ko yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen? Tsutsar ciki ma tana shan jini. In ba a toshe kafar ba, sai ki yi ta shan magani a banza. Maltina da madara kuwa, a yi wa Hajiya uzuri, ba su da ƙarfen kirki, madarar ma tana hana jiki ɗaukarsa.

Mai tambaya: Al'adar kam tana yawa. Kuma na kamu da tauna ƙanƙara, har kunya nake ji.

Ma'aikaciyar jinya: To, wannan kwaɗayin alama ce sananniya, wasu ƙasa suke ci. Faɗa wa likita duka, kar ki ɓoye. In an ba ki ƙwayar ƙarfe, ki haɗa da lemon zaƙi, ki nisanta ta da shayi. Bayan gida zai yi baƙi, kar ki tsorata. Ko yawan jinin jikinki ya dawo daidai, ana ci gaba da shan ƙwayar kamar wata uku.

Baban Sadik: In feritin ya fito lafiya lau, kar ki sha ƙarfe da ka. Akwai talasimiya, gado ce, ita ma tana ƙanƙanta ƙwayoyin. Asibitin Malam Aminu Kano akwai likitocin jini. In kuma numfashi ya fara yanke miki kina zaune, kar ki jira ranar da aka ba ki.